Ashirin da Takwas

Ranar Talata suka kwantar da ni ta gefen hagu,
suka shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji.
Yaron ya ɗora abu kamar kan tocila
yana bin tsakanin haƙarƙarina.
Sai ga inuwa a allo, tana buɗe baki tana rufewa
kamar tarwaɗa a kwatanniya.
Na ce, mene ne wancan?
Ya ce, Baba, ita ce zuciya.

To yaya ka gan ta?
Ya goge hannu, bai dube ni ba.
"Ni ɗauka ce tawa, ba fassara ba. Ka dawo Litinin."
Kwana shida ina fassara shirun yaron nan,
jingine da matasai uku,
don in na kwanta numfashi ba ya tafiya.

Litinin, Malam Sada na taga ya ce ba a sa hannu ba.
Laraba babu wuta.
Alhamis ya zazzage kwali, ashe Mansir Lawal biyu ne,
ɗaya na ƙashi, ɗaya na ƙirji.
"Kai wanne ne?"
Na nuna masa ƙafafuna,
da suka ƙi shiga takalmi tun watan jiya.

A gindin bedi na yage ambulan.
Turanci ne jere kamar shuri ya fashe,
ban gane kowa ba cikinsu sai lamba guda
da aka ja wa layi: ashirin da takwas.
Kwana ne? Wata ne?
Nafi'u ya zaro waya zai tambaya mini,
na ce mayar da ita aljihu,
ba zan ji ajalina daga bakin waya ba
alhali ga likita can a ƙarshen farfajiya.

Likita Rumasa'u ta karanta har ƙasa, ta koma sama.
Ta ce, mece ce sana'arka?
Na ce gyaran injin ban-ruwa,
shekara talatin, daga Ajiwa har Jibiya.
Ta juya takardar ta zana ɗakuna huɗu.
"Wannan na hagun ya yi faɗi, namansa ya saki.
In ya cika, mai lafiya yakan tura fiye da rabi.
Naka, cikin kashi ɗari,
ashirin da takwas yake turawa."
Sai na ji bayana ya sami kujera.
Ashe ba kwana ba ne.
Ai na san injin da ke ta ruri, yana zufa,
ruwan kuwa na fita kamar fitsarin akuya.

Na ce, to a ina ake sayar da robarta?
Ta yi dariya, ta daina.
"Wannan ba a kwance ta a baza kan buhu.
Kaya ake rage mata.
Ga ƙwayoyi, kullum, ko ka ji garau.
Gishiri da dunƙule da kanwa, ka yi musu sallama.
Bayan wata uku a sake hoto.
Lambar takan hau. Takan kuma tsaya.
Ba zan yi maka alkawari ba,
abin da ke hannuna ke nan na gaskiya."

Mun sauka Ƙofar Guga bayan la'asar.
Hindatu ta karɓi takardar da hannu biyu,
ta sa ta ƙasan akwati, wajen takardun fili.
Miyar daren nan lami, ba wanda ya ce uffan,
har auta ya cinye tasa.

Da safe wani ya kawo inji daga Batagarawa.
Na kai hannu ga igiya, Nafi'u ya riga ni.
Na zauna kan turmi.
Ya ja, ya ja, ta tashi tana tari.
Na ce kar ka ba ta wuta,
bar ta ta yi a hankali mu ji.
Kunnena ɗaya na wajen injin,
ɗayan na ciki,
inda wata ke jan nata gugan
daga tsohuwar rijiya.