Buhu Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba nake barin Agege,
kafin mai shayin bakin layinmu ya hura wuta.
A Oshodi kwandasta yana ihun Yaba, Yaba,
ni kuwa ina bitar darasi a ƙeyar wani fasinja.

Sati huɗu ne kwas ɗin.
Kuɗinsa buhun albasa goma sha ɗaya,
Baba ya ƙirga da yatsu a rumfarsa ta Mil Sha Biyu,
ya goge hannu a gaban riga, ya ce,
"Barira, ba kin gama digiri ba?
Turancin da ke bakinki bai isa ba, sai an sayar miki da wani?"
Na ce ba Turancin ake sayarwa ba,
shaida ce cewa na iya raba shi ga mutane.
Ya ce, "Au, dillanci." Ya kwance lalita.

Hawa na uku, ƙarƙashin fanka mai tari.
Madam Folake tana can baya da agogo da jan biro.
Ɗalibaina na gwaji: wani tela daga Kwatano,
'yan mata biyu daga Abijan masu raɗa da Faransanci,
da Alhaji Barka, dattijo ɗan Chadi mai kayan mota a Ladipo,
wanda ke riƙe fensir kamar zai tsere masa.

Ranar farko na yi minti arba'in ban numfasa ba.
Jan biro ya ce: Malama, rage baki.
Ke kin ƙoshi, bar su su tauna.
Ashe shiru ne darasin da ya fi tsada.
Na koyi ƙirga goma a zuci
yayin da Alhaji ke laluben kalma ɗaya
kamar mai neman noti a kwanon baƙin mai.
Da ya kamo ta, ya ɗaga min ita sama
da haƙoran goro duka a waje.

A aji huɗu na firamare,
duk wanda Hausa ta suɓuce masa, tara ko bulala.
Na biya har kuɗin ƙosaina ya ƙare.
Ban faɗa wa Madam Folake wannan ba.
Amma ranar da 'yan Abijan suka zame cikin yarensu
suka dube ni a tsorace,
sai na juya ina goge allon da babu komai a kansa.

Satifiket ya fito ranar Laraba, ana tafka ruwa.
Leda biyu na sa masa, na rungume shi a ƙirji,
na ratsa Mushin ruwa har gwiwa.

Sai neman aiki.
Wata makaranta a Tashkent ta nemi bidiyo.
Sau tara na ɗauka:
in ba janareton maƙwabta ba, mai tallan burodi.
Wata a wata ƙasar ta amsa a layi ɗaya:
wanda ya sha shi a nono muke nema.
Na daɗe ina kallon waya.
Hausa na sha a nono,
Yarbanci na tsinta a bakin famfo,
Turanci da tafin hannuna na biya shi.
Wanda aka haifa a cikin ɗaki
ina ya san inda ƙofa ke cijewa?
Na rubuta haka, na goge, na ce na gode.

Gobe ƙarfe shida Tashkent za ta kira.
Na cika waya da caji, na roƙi maƙwabta.
Dazu Baba ya karɓi takardar, ya juya ta, ya sunsuna,
ya ce ta riga ta ɗauki warin rumfa.
"In sun tambaye ki me kika kawo,
ki ce kaya ne da ya sauka a Apapa tun zamanin kakanni,
ya kwana a gidanmu.
Kuma kada ki karya farashi."