Zato Ba Ya da Lamba

Ƙarfe biyun dare a Cebu, hawa na tara,
ruwa na dukan gilashi, sanyin na'ura na cizon ƙafa.
A Ohio yanzu rana ta take.
Can ake jinya, nan ake raɗa wa ciwo lamba.

Ni ce Divina, shekara shida a kujerar nan.
Likita ya rubuta, ni in mai da zancensa ƙidaya,
inshora ta duba, ta biya ko ta noƙe.
Ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba.

Fayil na arba'in da ɗaya.
Mace, hamsin da biyu, direbar motar 'yan makaranta.
Ciki na kumburi, loma uku ta ƙoshi,
siket ɗin bara ya ƙi rufuwa.
An ɗebi jini, an auna CA-125.
Talatin da biyar ne bakin iyaka,
nata ɗari biyu da goma sha huɗu.
Na aje kofin gahawa, ban kurɓa ba.

Likita ya sa hannu a ƙasa:
“Ana zaton sankarar ƙwan mahaifa.
A ɗauki hoto, ta dawo ran Talata.”
Yatsana ya san hanyar C56,
ya kama tafiya tun ban aike shi ba.

Na janyo shi.
Ƙa'idarmu ta ce zato ba ya da lamba,
abin da ido ya gani shi ake sa wa suna.
R97.1: ma'auni ya hau.
Iyakar abin da aka sani ke nan, ban ƙara ko ɗigo ba.

Kare ne ya yi haushi a bakin ƙofa.
Ƙila ɓarawo, ƙila baƙo, ƙila magen maƙwabta.
Ƙari a mahaifa na ta da shi,
haila na ta da shi, hanta in ta gaji,
kumburi a mara, har juna biyu.
In na buga harafi guda bisa gaggawa,
na liƙa mata ciwo a goshi,
ya bi ta ofis ofis, takarda bayan takarda,
ciwon da wataƙila bai taɓa shiga jikinta ba.

Amma na san ɗaya gefen.
Na yayata Perlita goma sha tara ne.
Muka yi murna, muka sayi gasasshen kifi a bakin teku,
ta ci rabi, ta ce ta ƙoshi.
Kare na kwance shiru, ashe ɓarawo na ɗaka.
Wata goma sha ɗaya.
Ba ta ga auren ɗanta ba.

Shi ya sa ba na rantsuwa da lamba,
in ta hau, in ta sauka.
Tambaya ce jini ya yi,
amsar na wurin hoto da wuƙar likita.

Jomar ya leƙo ta saman allo:
“Saura goma sha tara kafin asuba.”
Na tura. Fayil ya wuce kamar jirgi a hazo.

Da gari ya waye na tsaya jiran mota,
wata ta gifta maƙil da yara, jakunkuna a gwiwa,
na bi direban da kallo har kwana.
Ran Talata ina hutu.
Fayil ɗin zai faɗa teburin wani,
ya ga abin da hoto ya nuna, ya sa masa lamba,
ni kuwa ba zan ji ba.