Littafin Akawun Tasha

Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga kayan mutane
a bakin tekun Valparaíso:
buhunan albasa, akwatunan inabi, jan ƙarfe mai tafiya gabas.
Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.
Cewa ake, in Baldomero ya sa hannu, je ka yi barcinka.

Yanzu ni ne kayan,
ni ne kuma akawun.

Ranar da likita ta kira sunan abin,
ciwon daji, a hanji,
ban ji rabin maganarta ba;
kunnena ya tafi yawo ya bar ni zaune.
Da muka fito na tsaya shagon Evaristo,
na sayi littafi mai baƙin bango da biro uku.
Herminia ta ce, "Kuka ya kamace ka, ba saye-saye ba."
Na ce mata kukan ma zai samu shafinsa.

Shuɗi na ranakun asibiti ne.
Ja na gwajin jini, wanda ake zuwa ba a karya ba.
Baƙi na tambayoyi,
masu tashina ƙarfe ukun dare
su tsere da zarar na ga farar riga.
Yanzu tun da ɗuminsu nake kama su, in ɗaure a layi.

Ƙwayoyi suna cikin kwalin ƙwai,
kowane rami da lokacinsa a rubuce.
Rasit a gwangwanin biskit.
Lambar direban maƙwabta a jikin firji,
ƙarƙashin maganaɗisu mai siffar kifi.
Bayan ƙofa jaka na rataye, ba mai taɓa ta:
safa mai kauri, alewar citta, bargo, cajar waya,
don zazzaɓi ba ya sallama kafin ya shigo.

Duk mako uku sai in gangara tudunmu,
matakala ɗari da arba'in da shida, na ƙirga,
in zauna ruwa yana ɗiga cikin jijiyata
kamar famfon da aka manta ba a ɗaure ba.
Nas Maritza ta karanto adadin fararen ƙwayoyin jinina,
in shigar da shi
kamar jirgi ne ya iso da kaya a rage.

Sai ga zagaye na huɗu.
Na yi sammako, na sa rigar kirki,
na sauka matakalan nan kaf,
aka dube ni aka ce, "Ai gobe ne. Yau Talata."
Na buɗe littafi.
Rubutuna ne. Shuɗin birona ne.
Na zauna a benci har inuwa ta juya.
Allura ba ta karya ni ba, amai bai karya ni ba,
kwana ɗaya tak ya durƙusar da ni.

Da daddare jikata Ximena, 'yar shekara sha ɗaya,
ta jawo kujera, ta jawo littafin gabanta.
"Kaka, a tasha ma kai kaɗai kake ƙirgawa?"
Na buɗe baki zan ce e,
sai Nibaldo ya faɗo mini a rai,
siriri, da fensir a bayan kunne,
kullum yana bin sawuna yana sake duba takardu.
Sau nawa ya gyara ni bai faɗa wa kowa ba?
Ya rasu ban taɓa tambayarsa ba.

Yanzu hannu biyu ne a littafin:
nawa mai rawa, nata ƙato-ƙato kamar wake.
Duk Lahadi ita ke karantowa, ni ina amsawa,
Herminia na yanka burodi tana yi kamar ba ta ji.

Jiya na ga ƙarin layi a ƙasan Asabar, da fensir:
"Ya sha rabin lemo. Ya yi wa rediyo faɗa."
Na duba sama, na duba ƙasa,
lissafin daidai yake.
Na sa hannu.

Saura biyu.