Ƙusa a Gurbin Fis

A gindin darbejiyar Ƙofar Marusa muke jiran aiki,
mu bakwai, kowa da testa a aljihun gaba.
In an ɗauke wuta, hira ce sana'armu.

Mannir ne ya fara.
Ya tsinto guntun katako a bayan shagon Sada kafinta,
ya kafa masa matattun soket biyu,
ya zare fis, ya cusa cokalin shayi,
ya tsoma jelar waya a bokitin wanki.
Ya ce: "A Daura na gani, gidan wani attajiri,
har da jariri yana rarrafe a ƙasa."
Katakon bai taɓa ɗanɗana wuta ba.
Ni na riƙe shi aka ɗauki hoton.

Hoto ya yi ƙafa.
Kafin La'asar ya je Jibiya, ya dawo ta Mani
da sabon labari a goye:
wai gidan ya ci mutum tara,
wai mai wayarin ɗan unguwarmu ne.
Muka yi dariya har Iro ya ƙware da fura.

Mako ya zagayo, igiyar shanya ce ke ɗauke da wuta.
Wani makon, butar alwala ta zama hita.
Dattawan sana'a na tsaki suna salati,
yara na koyon yadda ake ƙarya da filaya,
har kunnuwanmu suka yi kanta.
Abin tsoro ya koma goro,
a tauna, a tofar.

Ran wata Laraba Bishir ya zo a guje,
yaron da ke ɗaukar mini tsani.
"Oga, gidan Gwaggo Zinatu a Rafin Daɗi,
ƙusa ce a gurbin fis, inci uku.
Waya ta bi kan azara tsirara,
an ɗaure gaɓarta da ledar burodi.
Bangon da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi."

Na ce, nawa Mannir ya ba ka?
Ya rantse. Muka ce lallai yaro ya iya.
Iro ya ce saura jariri mai rarrafe.
Ya tsaya yana kallona, leɓensa na rawa.
Na aike shi sayo salatif.

Ƙarfe biyun dare aka kawo ta, da ƙarfinta,
irin wadda in da rana ce yara ke yi wa ihu.

Ba wanda ya mutu.
Ina ta faɗa wa kaina, ba wanda ya mutu.
Keken ɗinki ne kawai,
da atamfofin mutum goma sha ɗaya,
da firijin da take sanyaya zoɓo,
da hoton mijinta, guda ɗaya tak da ya rage.
Ta fito da jikoki biyu da takalmi ƙafa ɗaya.

Da safe na bi toka da bakin filaya
har na same ta.
Inci uku, kamar yadda ya faɗa,
ba ta narke ba, ko ranƙwafawa ba ta yi ba.
Fis kan mutu don gida ya kwana.
Ƙusa ba ta san wannan karar ba.

Gwaggo ta ce: "Sannu da zuwa, mai wuta,
ina ma na san ka da wuri."
Na ce, Allah ya mayar da alheri.
Ban ce mata tun Laraba na san gidanta ba.

Katakon na nan a bayan shagon Sada,
cokalin ya yi tsatsa.
Hoton bai gaji ba.
Jiya wani direba ya nuna mini shi,
ya ce a Funtuwa aka yi, ƙaninsa na wurin.

Bishir ya koma wajen masu walda.
In mun haɗu yakan gaishe ni, daga nesa.

Ƙusar tana aljihuna, gefen testa.
Ita testa, in ta taɓa waya mai rai, sai ta yi ja.
Na sha zaro ta in ana ba ni labari,
in juya ta a hannu,
in rasa inda zan ɗora bakinta.