Na'ibi a Kassala

Ƙarfe biyun dare a Bur Sudan,
gishirin teku ya cinye ƙarfen taga,
shayinmu ya huce, ni da Badamasi,
muna yi wa rumbun bayanan asibiti ɗan'uwa.

Na gindaya wa babbar na'ura sharaɗi:
kada ki ce "an rubuta"
sai ta Kassala ta amsa "ni ma na rubuta."
Badamasi ya ja tsaki: ai jira ne,
kowane suna zai makara da ƙiftawar ido.
Na ce shaida ɗaya ba ya kashe gardama.

Muka zare waya da gangan.
Tsit.
Ta Kassala ta ƙirga bugun da bai iso ba,
ɗaya, biyu, har goma,
sannan ta matsa gaba
kamar wanda liman ya jawo daga sahu
da alwala ta karye masa:
ba a sake kabbara ba,
ya ɗora daga ayar da aka tsaya.

Rubutun ƙarshe, jaririyar Tasalla,
kilo uku ba kaɗan,
yana nan.

Abu ɗaya ya hana ni runtsawa:
in tsohuwar ta farfaɗo da asuba,
kada ta zaci har yanzu ita ke jan salla.