Taku Nawa Zuwa Tudu

A talabijin ɗin shagon Mutari na taɓa ganin teku
ta miƙe tsaye, ta shiga wani gari babu sallama.
Mutane na gudu, kibiya a jikin bango
tana nuna musu tudu.
Muka girgiza kai: ina Damagaram, ina teku?

Sai ga daren Agusta.
Tabkin bayan gida ya tuna tsohuwar iyakarsa,
wadda aka yanka filaye, aka sayar da takarda da hatimi.
Ruwa bai iya karatu ba.

Na goya Barira, na kama hannun Inna,
muka nufi lungun da kakana ke bi da jaki zuwa dutse.
Katanga.
Sabon bulo, har da shuɗiyar ƙofar ƙarfe.
Muka juya. A lungu na biyu kwalbati ya ƙoshi da leda,
yana amai har gwiwa.
Inna ta ce, "Bi awaki, ɗan nan,
su ba su manta ba."

A kan dutse muka kwana, mu da awaki sha ɗaya
da wani tela rungume da kan kekensa.

Da safe ma'aikacin magajin gari ya zo,
taswira a hammata, takalmi a hannu.
Na ce masa: kafin ka ja wani layin,
zo ka goyi yarinya cikin duhu,
ka ƙirga taku daga ƙofata zuwa tudu.
A da ɗari huɗu ne.
Jiya na wuce dubu, ruwa na bina da lissafinsa.