Ƙofar Bayan Allo

Daga Kwatano ta zo, fara, da ƙamshin wata ƙasa,
allonta na magana da Jamusanci.
Ina kan gadar Kawo, tana ce min in karya dama
zuwa wani gari mai ƙanƙara.
Na yi dariya wata biyu. A na uku na gaji.

Sagir, ɗan yayata, ya ce: Kawu, ai ba komai ba ne.
Bayan la'asar ya zauna a kujerar direba,
waya a hagu, yatsa a dama,
ya danne maɓalli biyu lokaci guda
yana ƙirge a ransa kamar mai jan carbi.
Sai allon ya buɗe wani ɗaki
wanda ba don baƙi aka gina shi ba:
lambobi a jere, haruffa ba wasali,
ɗaya da sifili sun yi sahu, ba liman.

Ya ce, wannan zai sa ta yi Turanci.
Wannan zai sa ka kalli ƙwallo kana tuƙi.
Wannan kuwa ban san shi ba,
amma bari mu gani.

Bari mu gani!
Kalma uku, kuma ni na gyaɗa kai.

Daren farko ta yi Turanci har da gaisuwa.
Da asuba ta ƙi tashi.
Ashe allon bai yi barci ba,
ya kwana yana tsotsar batir a duhu
kamar kaska a kunnen sa.
Maƙwabta huɗu suka tura ni har bakin titin Malali.

Iyakwandishan ya koma hura zafi,
rediyo na lalube, ba ya kama Kaduna,
ƙararrawar bel ta yi shiru,
na ma ji daɗin wannan, Allah ya yafe min.

Ranar Talata na sa giyar baya
na ɗaga ido inda na saba ɗagawa.
Baƙi ƙirin.
Idon da ke gane min baya ya rufe,
ƙarar da ke ce min tsaya ta haɗiye harshenta,
ƙafata kuwa ta riga ta amince.
Na ji ƙaras.

Keken Rumasa'u ne, mai taya uku,
ja, da kwando a gaba.
Ba ta kai. Tana ciki tana shan koko.
Na tsuguna ina riƙe da ƙaramin sirdi,
gwiwoyina suna karkarwa,
ina ta maimaita: ba ta kai, ba ta kai.

A Kurmin Mashi, Bitrus mai wayarin
ya jona kwamfutarsa, ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ce: Alhaji, kafin ku taɓa,
kun rubuta yadda kuka same ta?
Ko hoto?
Na dubi Sagir. Sagir ya dubi silifas ɗinsa.

Ya ce, waya ɗaya ce ta bi gidan duka.
Ka ja ta a falo, fitila ta mutu a zaure.
Da ƙarfe ne da na kai Panteka an buga min,
wannan sai an aika Legas,
in an dace a samu irinta.
Garin neman gira, ka ji, an taɓa ido.

Kuɗin ya kai na buhun shinkafa uku.
Mako biyar ina hawa Keke Napep zuwa ofis,
ina kallon motocin mutane ta baya.

Jiya ta dawo.
Ta koma Jamusancinta,
tana kiran titunan da ba za ta sake gani ba.
Ban ce mata komai ba.
Na sa giyar baya, allon ya haska:
ga ƙofar gida, ga bokiti,
ga Rumasa'u a tsaye da sabon kekenta
tana ɗaga wa motar hannu.

Duk da haka sai da na waiwaya.